Filin da Pan Ya Nuna Mata

Ranar da abin ya fara, Yeh Su-lan ta dawo gida da wuri, abin da ba ta saba yi ba. Rana ta riga ta faɗa bayan gine-ginen Taichung amma duhu bai gama sauka ba, motar shara tana tafe a hankali da kiɗanta, matan unguwa sun fito da ledoji suna jira a bakin layi. Watan bakwai ne, watan mutanen ɓoye, saboda haka kusan kowace ƙofa akwai tebur da 'ya'yan itace da turare, ga hayaƙin takardun da ake ƙonawa ya kwanta a layin ya ƙi tashi. Ta jingine babur ɗinta, ta cire hular kwano, ta shige ba tare da ta gai da kowa ba. Ita ba mai tsayawa hira ba ce, unguwar kuma ta daɗe da daina jiran gaisuwarta.

A ciki surukarta, uwar mijinta, wadda kowa a gidan ke kira A-ma, tana soya kifi da citta. 'Yarta Ya-chi, budurwa mai shekara goma sha tara, tana zaune a teburin cin abinci tana tsinke ganye. Maigidan yana can Vietnam yana kula da wata masana'antar takalma, sai sabuwar shekara ake ganin ƙeyarsa.

"Yau kuma korar ki aka yi?" in ji A-ma, ba ta ko juyo ba.

"Aikin ne ya tashi," in ji Su-lan. "Yau na kunna shi."

"To, sannu da ƙoƙari. Ƙarfe ya ci ya ƙoshi, an tuna da mutanen gida."

Su-lan ta ajiye jakarta. Shekara da shekaru suna wannan zaman, kowacce ta san inda ƙayar 'yar'uwarta take. Suka zauna, aka zuba shinkafa, ba a jin komai sai ƙarar tsinken cin abinci a jikin kwano. Kiɗan motar shara ya yi nisa har ya ɓace. Layin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ke zuwa tsakanin faɗuwar rana da kunna fitilu.

Nan ne dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwanon bene na sama.

Ba ƙarar jifan yaro ba ce. Abin ya sauko da nauyi, ya gangara a hankali har bakin indararo, ya tsaya. Sai wani ya biyo. Sai wani. Ya-chi ta riga kowa hawa, uwarta na biye da ita, A-ma tana tafe a baya tana dafa bango. A filin shanya suka tarar da duwatsu a warwatse, masu santsi, irin na cikin rafi, a jiƙe sharkaf alhali sama ba ta yi ko yayyafi ba. Rufin maƙwabta babu kowa. Ya-chi ta sunkuya.

"Kar ki taɓa!" A-ma ta daka mata tsawa.

Amma hannu ya riga ya kai. Yarinyar ta ɗago dutsen, ta dube shi, ta ce da wata 'yar dariya, "Kai, sanyi gare shi. Kamar daga firji aka ciro."

Ba ta ajiye shi ba. Sai da uwarta ta ɓamɓare mata yatsu.

Aikin Su-lan a wani kamfanin inshora yake, a ɗakin da ke can ƙarƙashin ƙasa, inda babbar na'urar kwamfutar kamfanin take tsaye cikin sanyi da gunjin fankoki. Ma'aikata suna kiranta Tsohuwa. An sha sauya mata jiki a tsawon shekaru, amma duk abin da ke cikinta ana kwashe shi ne yadda yake a mayar cikin sabon jikin, kamar masu ƙaura da ba sa jefar da ko tsumma. Ba kowa ke iya magana da ita ba. Sai ta wani baƙin allo mai koren rubutu, da kalmomin da samarin yanzu ba sa koyo, kuma duk kamfanin ba wanda ya san hanyoyinta kamar Pan Chin-fa, wanda ya tsufa a gindinta.

Da shugabanni suka gaji da jiran tsoho ɗaya, sai suka yanke shawarar a girka mata wata sabuwar manhaja ta kyauta, irin wadda masu rubuta ta suka bar cikinta a buɗe, kowa ya duba, kowa ya gyara. In ta zauna, kowane saurayi zai iya isa ga Tsohuwa daga ƙaramar kwamfutarsa, yana kan bene na goma yana shan shayi. Su-lan aka ba aikin. Kowa ya san abin da zai biyo baya ga Pan, kuma ita ma ba ta ɓoye ba. A wani taro, gaban shugabanni, ta ce lokaci ya yi da za a raba kamfani da tsofaffin da ke yi wa ƙarfe tsafi. Aka yi dariya. Pan ma ya yi murmushi.

Aikin yana da matakai, kuma ta bi su da irin taurin kanta. Ta shigo da kayan manhajar, ta tsara wa zai shiga ina da wanda ba zai shiga ba, ta ƙera makullan sirri, ta zaɓi ƙofofin da za a buɗe wa na waje. Abu ɗaya ya tsaya mata, wato wurin da za ta ɗora kayan a rumbun ajiyar na'urar, rumbun kuwa a hannun Pan yake. Ya yi ta ja mata rai, yau babu wuri, gobe ana dubawa. Rannan sai ya kira ta da kansa, fuska a sake, ya nuna mata wani abu a allo. Wani fili ne babba da aka killace tun zamanin da, babu komai a cikinsa, ba sunan kowa a kansa.

"Ga fili nan, Manaja Yeh," in ji shi. "Gina abinki."

Ta gina. Ta cire killacewar, ta zuba kayanta, ta saita komai. Da yammacin ranar da abin ya fara ta kunna. Rubutu ya yi ta gudu a allo, ƙofofin suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, samarin da ke bayanta suka yi tafi. A daidai lokacin na'urar sanyaya ɗakin ta yi wani dogon nishi, koriyar ledar abin taunawa da ma'aikata ke ɗorawa a kan Tsohuwa don ta yi biyayya ta zamo ta faɗi ƙasa. Su-lan ta sa ƙafa ta ture ta gefe, ta ɗauki jakarta ta tafi gida da wuri.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da zarar haske ya fara ja da baya, duwatsun sai su fara sauka, ba gaggawa, kamar mai jifan ya san ba inda za su. 'Yan sanda sun zo sun haska rufi da tocila, sun sha shayin A-ma, sun tafi. Maƙwabta suka fara tsallaka titi in za su wuce ƙofar. Bayan duwatsu sai wani gunji ya shigo cikin bango, ƙasa-ƙasa, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. A-ma ta ce kukan ƙudan zuma ne. Su-lan kuwa ta san sautin. Shi take ji kullum a wurin aiki.

Ya-chi kuwa ta daina zuwa makaranta. Ta daina cin abinci mai zafi. Ta ƙure na'urar sanyaya ɗakinta har tagogi suna zufa, amma duk da haka sai a tarar da ita zaune a ƙasa gaban firji, ƙofarsa a buɗe, ta zuba wa cikinsa ido. Leɓɓanta suka yi shuɗi-shuɗi. Likita ya auna duk abin da ake aunawa ya ce gajiyar karatu ce, ya ba da ƙwayoyin barci.

A ofis ma abin bai zauna ba. Kullum da yamma sabuwar manhajar sai ta faɗi, ƙofofin su rufe kansu, ba dalili a ko'ina. Da safe Su-lan ta sake buɗewa. Shugabanta yana kiranta yana tambaya ko dai aikin ya fi ƙarfinta ne. A-ma ce ta fara haɗa zaren.

"Ƙarfe nawa kike taɓa wannan abin naki da safe?"

"Me ya kawo wannan tambayar?"

"Kullum da hantsi yarinyar nan sai ta toshe kunne ta yi ta ihu, wai an shigo, an shigo. Ni dai ban yi boko ba, amma ba a haife ni jiya ba. Me kika kwaso mana?"

"A-ma, ku bar ni da abin da ke damuna."

"Abin da ke damunki? Jikata ce ke bushewa a gabana!"

Da magaribar ranar, suna tsaye a ƙofar kicin, Ya-chi ta juyo daga gaban firji. Wuyanta ne ya juyo tukuna, sannan sauran jikin. Ta dubi uwarta da idanun da ba su san ta ba. Muryar da ta fito ta tsoho ce, a dushe, cikin irin harshen ƙauye na da wanda ko A-ma sai ta kasa kunne take ganewa.

"Kin cika min ɗaki da baƙi."

Kwanon da ke hannun A-ma ya faɗi ya yi ta juyi a ƙasa. Ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Washegari Su-lan ba ta buɗe ƙofofin ba. Ta gaya wa shugabanta akwai gyara, ta kashe manhajar gaba ɗaya, sannan ta nemi Pan. Ta same shi a matakalar baya, inda masu shan taba ke fakewa, yana riƙe da kofin shayinsa.

"Yaya Pan, filin nan na wa ne?"

Ya kurɓi shayi, bai yi sauri ba. "Wane fili?"

"Ka ce min ba mai shi."

"A'a, Manaja Yeh. Cewa na yi ba sunan kowa a kai. Ke mai ilimi ce, ai kin san bambanci."

Ya gaya mata, yana jin daɗin kowace kalma. Kafin a yi ginin, idon ruwa ne a wurin, cikin gora. Na'ura ta farko da aka kawo ba ta taɓa kwana lafiya ba, sai da wani tsohon ma'aikaci ya nemo shawara, aka yanki wuri a cikinta aka killace, aka bar shi wayam. Tun daga nan kowane mai kula da Tsohuwa yakan gaya wa magajinsa, baki da baki, cewa akwai wurin da ba a taɓawa.

"Ni ma da zan gaya wa magajiyata," in ji shi. "Sai na ji ta ce ba ta son tsafi."

"'Yata ce abin ya kama." Muryarta ta karye, ta ji haushin kanta. "Ya-chi. Wadda ke zama a kujerarka tana ƙarama in an taso makaranta, kana saya mata alawa."

Wani abu ya gilma a fuskarsa. Ta ga alamar bai zaci abin zai bi ta gida ba, ya ɗauka aikinta kawai zai lalace a yi mata dariya. Amma sai ya haɗe rai, irin na wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

"Ni ma ina da mata kwance a gida, rabin jiki ya mutu. Kin tuna da ita ranar da kike ba manya dariya da ni? Je ki saita shi mana. Ba ke ce mai saiti ba?"

Ta tsaya tana kallonsa har ya shanye shayin, ya zubar da ganyen a tukunyar fure, ya wuce ta.

Kashe manhajar bai yi maganin komai ba. Duwatsu suka ci gaba da sauka, Ya-chi ta daina amsa sunanta. A-ma ba ta ƙara neman shawarar kowa ba, ta ɗaura gyalenta ta hau mota zuwa gindin duwatsu, ta dawo da Malam Kho.

Su-lan ta zaci za ta ga boka mai hayaniya. Sai ga wani siririn dattijo da tabarau, da tsohuwar jaka a hammata, wanda aka ce ya yi shekaru yana koyar da tsohon rubutu kafin ya karɓi wurin ibadar mahaifinsa. Ya iso rana tana da saura. Bai zauna ba sai da ya zaga gidan, ya hau sama ya daɗe yana kallon duwatsun, ya shinshina ɗaya. Sannan ya sa ta ba shi labarin aikin daga farko, yana tsayar da ita yana tambaya har ya gane mene ne ƙofa, mene ne rumbu.

"Wato an ba mutum ɗaki, kika zo kika mai da shi tasha," in ji shi.

"Ban sani ba, Malam."

"Wuta ba ta tambayar yaro ko ya sani." Ya cire tabarau ya goge. "Ki saurare ni da kyau. Irin waɗannan tsofaffin wayo gare su. Zai yi kuka, zai yi barazana, zai yi ciniki. Ni zan yi magana da shi. Ke ko ya kira sunanki, bakinki alekum."

Ya sa aka kashe duk na'urorin sanyi, aka rufe firji aka ɗaure da igiya. Ya shimfiɗa jan ƙyalle a teburin cin abinci, ya jera turare da kwanon shinkafa da gishiri da kofin ruwa. Ya sa baƙar rigarsa, ya ɗaura jan rawani, ya rubuta wasu kalmomi da jan tawada a kan rawayar takarda ya manna a ƙofa da tagogi. Aka zaunar da Ya-chi a kujera, uwar ta riƙe kafaɗa ɗaya, kakar ta riƙe ɗaya. Jikinta kamar tulun da ya kwana a waje.

Suka jira. Hasken taga ya koma ruwan toka. A waje wani ya ja ƙofar shagonsa ta ƙarfe, kare ya yi haushi ya fasa. Sannan shiru ya sauko ya zauna a ɗakin kamar baƙo na biyar.

Dutse ya faɗo a rufi. Malam Kho ya kaɗa ƙararrawa ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi, murya ba ta hawa ba ta sauka, ƙararrawa na bin ta. Gunjin bango ya taso ya yi ƙarfi har kofin ruwa yana rawa. Zufa ta jiƙa rawanin dattijon. Ya guntsi ruwa ya fesa wa yarinyar a fuska, sai ta banƙare, kujerar ta ɗaga ƙafafun gaba, matan biyu suka danne da iyakar ƙarfinsu.

"Zafi!" muryar tsohon ta fashe daga bakin yarinyar. "Ɗan tselen uwa, zafi!"

"Wane ne kai?"

"Na girmi kakan kakanka."

"Ban tambaye ka shekaru ba. Me ka zo yi gidan mutane?"

Dariya ta fito, irin ta ruwa a maƙogwaron rijiya. "Gidan mutane. Ina zaune a idon ruwana tun garin nan yana fadama. Suka sare gora, na yi shiru. Suka zuba siminti, na sauka ƙasa. Suka kawo akwatin sanyi, suka yanka min ɗaki, suka yi alkawari. Na riƙe nawa. Ban taɓa ko yaron kowa ba. Sai wannan ta zo ta ɓalle min ƙofofi, dare da rana ana shiga ana fita, ana tattaka ni."

"Ta rufe. Za ta kwashe kayanta, ka koma."

"In koma? Wurin da ya ji ƙafar duniya? Kai za ka kwana a kasuwa?" Kan yarinyar ya karkata, yatsunta suka shafa hannunta a hankali. "Nan ya yi min. Shiru gare ta. Ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa."

Malam Kho ya ƙona takarda ɗaya, ya zagaya hayaƙin a kanta, ya ɗaga murya. Aljanin ya yi ƙara har gilashin taga ya tsage. A-ma tana kuka tana kiran sunayen kakanni. Da ƙarar ta lafa, dattijon ya sunkuya ya yi magana a hankali, kamar mai lallashin tsoho ɗan'uwansa.

"An cuce ka, ban musa ba. Amma yarinya ba ɗaki ba ce. Bayan wurin ibadarmu akwai kogo, da ruwa mai fitowa daga dutse, rana ba ta taɓa leƙa shi ba. Ba hanya, ba waya, ba mai zuwa. Zan ƙona maka gida na takarda, in kai ka da hannuna, in sa hatimi. Muddin zuriyata na nan ba mai taɓa ka."

Su-lan ta ji kafaɗar da ke hannunta ta ɗan saki.

"Alkawari kuma," in ji muryar, ta yi laushi. "Na ji irinsa." Sai idanun suka juyo kan Su-lan, suka tsaya. "Wannan jaka ce kawai, ba ta san abin da ta taka ba. Amma akwai wanda ya sani. Wanda aka damƙa wa amanata, ya ɗauke ta ya yi tarko da ita. Shi nake so. Ba ni da hanya zuwa gidansa sai an aike ni. Ke, uwar yarinya. Faɗi sunansa, in fita yanzu-yanzu, in bar miki 'yarki ko ƙwarzane babu. In kuwa kogo ne, sai na yi tunani. Ni ba na gaggawa. Ita ce ban sani ba ko za ta kai."

"Kada ki amsa," in ji Malam Kho da sauri, bai daina kaɗa ƙararrawa ba. "Ya karaya, shi ya sa yake neman wata ƙofar. Ki ba ni ɗan lokaci kaɗan, zai bi ni. Ba a share gida a zuba sharar a ƙofar..."

"Pan Chin-fa," in ji Su-lan.

Sunan ya fita daga bakinta da sauƙi, cikakke, ba gargada. Ƙararrawa ta tsaya.

Bakin yarinyar ya buɗe da wata doguwar dariya marar sauti. "Na karɓa," in ji muryar. Ya-chi ta yi atishawa mai ƙarfi, kanta ya faɗo a ƙirji. Takardar da ke manne a ƙofa ta ɓalle ta faɗo, wata iska mai sanyi ta bi ta ƙafafunsu ta fice. Gunjin bango ya ɗauke. Zafin watan bakwai ya dawo ɗakin a hankali, har da ƙarar talabijin ɗin maƙwabta, wadda suka daɗe ba su ji ba.

"A-ma," in ji Ya-chi da muryarta, ƙasa-ƙasa. "Yunwa nake ji."

Tsohuwar ta rungume ta tana kuka. Malam Kho ya cire rawani, ya naɗe jan ƙyallensa, ya mai da komai jaka bai dubi kowa ba. Su-lan ta bi shi ƙofa da jan ambulan na kuɗin godiya a hannu biyu. Ya dube shi, bai karɓa ba.

"Na me? Ni ban kore shi ba. Ke kika aike shi."

"Malam, 'yata ce. Ku da kanku kun ga halin da take ciki."

"Na gani." Ya sa takalmansa. "Ki dai sani, ɗan aike yana da hanya a gidan da ya aike shi. Shekara ce ko goma, wannan ban sani ba. In ya dawo kada ku neme ni."

Pan bai zo aiki ba a makon da ya biyo. Labari ya iso ofis guntu-guntu, a bakin masu shayi. An ce ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba matarsa ce ta same shi zaune cikin bahon wanka, da kayansa a jiki, ya cika bahon da ƙanƙara, matar kuma tana ɗaki tana kira tun jiya ba mai amsawa. An ce ba ya gane kowa. Ɗansa ya zo daga kudu ya kwashe su, aka kai uwar zuwa gidan jinya, uban kuma wani wuri da ba a faɗi sunansa. Liyafar sallamar da aka shirya masa aka fasa, aka raba kek ɗin a ofis.

Su-lan ta sake kunna manhajar. Ta tashi lafiya, ba ta ƙara faɗuwa ba. Samari suka riƙa shiga Tsohuwa daga bene na goma, shugabanni suka yaba, aka ba ta ofis mai taga. A-ma ta daina yi mata habaici, ta ma daina yi mata magana in ba dole ba, sai ta ajiye mata abinci a rufe ta shige ɗaki. Ya-chi ta murmure, kumatu suka dawo, ta koma makaranta. Da zangon ya ƙare sai ta ce ta nemi canji zuwa wata jami'a a Taipei, kuma an ba ta.

Ranar tafiya Su-lan ta ɗauki hutun rabin yini ta raka ta tashar jirgin ƙasa. Suka tsaya a bakin dandamali da akwati a tsakaninsu. Tun daga waccan magariba ba su taɓa tayar da zancen ba.

"Kina tuna wani abu?" in ji uwar, tana kallon layin dogo. "Na lokacin."

"Duka. Ina ciki, ina ji, ina gani. Magana ce kawai ba ni da ita."

"To kin san abin da ya sa na yi. Ba ni da zaɓi. Kowace uwa haka za ta yi."

Jirgin ya shigo, iskarsa ta ɗaga wa Ya-chi gashi.

"Ya riga ya sake ni, Mama. Tun da Malam ya ambaci kogon na ji hannunsa yana zamewa. Ke ma kin ji, kafaɗata tana hannunki."

"Ban tabbata ba. Ta yaya zan tabbata?"

"Ina kallon fuskarki lokacin da kika faɗi sunan." Ta kama hannun akwatin. "Murmushi kike yi."

Ƙofar jirgin ta buɗe, ta shiga, ta nemi kujera a ɗaya ɓangaren, inda taga ba ta kallon dandamali. Su-lan ta tsaya a wurin har jirgin ya tafi, har masu rakiya suka watse, har wani ma'aikacin tasha ya zo ya tambaye ta ko akwai wanda take jira. Ta ce babu.